Guguwar Bayan Jirgin Sama: Tambayoyi da Amsoshi Kan Binciken da Aka Yi da Haɗarin da Ke Cikinta

Duk jirgin da ya ɗaga sama yakan bar iska a murɗe a bayansa. Ido ba ya ganinta, na'urar hango yanayi da ke hancin jirgi ba ta nuna ta, kuma takan yi minti biyu ko uku tana juyi bayan jirgin da ya haife ta ya yi nisa. Ga amsoshin tambayoyin da ɗaliban tuƙin jirgi, ma'aikatan hasumiyar filin jirgi da fasinjoji masu son sani suka fi yi a kanta.

Mece ce guguwar bayan jirgi, kuma daga ina take fitowa?

Fiffike na ɗaga jirgi ne saboda matsin iskar da ke ƙarƙashinsa ya fi na wadda ke samansa. A tsakiyar fiffike iskar ƙasa ba ta da hanyar hawa, amma a can bakin ƙarshensa sai ta sami kafa, ta zagayo ta hau sama. Da yake jirgin gaba yake yi, wannan zagayowar sai ta miƙe ta zama doguwar iska murɗaɗɗiya kamar tufkar igiya. Kowane fiffike da tasa, ke nan guda biyu ne. Guguwar da kowa ya sani a tsaye take tafiya, waɗannan kuwa a kwance suke. Wanda ya tsaya bayan jirgi yana kallonsa, ta hagu tana juyawa yadda hannun agogo yake juyawa, ta dama kuma akasin haka. A tsakaninsu iska ƙasa take yi, a gefensu na waje kuma sama.

Kada a haɗa ta da hucin inji. Hucin inji yana da nasa haɗarin a ƙasa, amma ba ya daɗewa. Guguwar fiffike takan fara ne daidai lokacin da hancin jirgi ya ɗaga daga titi, ta ƙare lokacin da ya sauka nauyinsa ya koma kan tayoyi. Ko jirgin da babu inji a jikinsa yana yin ta.

Sanin wannan ya girmi manyan jirage. Frederick Lanchester na Ingila ya zana guguwoyin a littafinsa na 1907, Ludwig Prandtl na Jamus kuma ya tsara lissafinsu wajen 1918. Abin da ba a sani ba a lokacin shi ne irin ɓarnar da za su iya yi idan jirgi ya kai tan ɗaruruwa.

Wane jirgi ne guguwarsa ta fi ƙarfi?

Mai nauyi, mai tafiya a hankali, wanda bai sauke filaf ba. Filaf su ne marafan da ke gefen baya na fiffike, waɗanda ake saukewa lokacin tashi da sauka.

Lissafin ba shi da wuya. Ana samun ƙarfin juyin guguwa idan aka raba nauyin jirgi da abu uku a haɗe: kaurin iska, gudun jirgi, da tazarar da ke tsakanin guguwoyin biyu. Tazarar nan takan kai kimanin kashi 78 cikin ɗari na faɗin fukafukai. A ɗauki Boeing 747-400, mai faɗin fukafukai mita 64.4: guguwoyinsa za su zauna kusan mita 50 tsakaninsu. Idan yana shirin sauka da nauyin tan 270, yana gudun mita 75 a daƙiƙa, ƙarfin juyin zai kai wajen murabba'in mita 580 a daƙiƙa. Ƙara nauyi, lambar ta hau. Rage gudu, ta sake hawa. Shi ya sa lokacin tashi da lokacin sauka suka fi kowane lokaci haɗari: jirgi a hankali yake tafiya, kuma na bayansa yana kusa da ƙasa, ba shi da sararin gyara kuskure.

Cibiyar guguwar kanta ƙarama ce, 'yan mitoci kaɗan, amma a gefenta an taɓa auna iska mai gudun sama da ƙafa 300 a daƙiƙa, wato fiye da kilomita 320 a awa.

Ina guguwar take zuwa bayan jirgi ya wuce?

Ƙasa. Kowace guguwa tana tura 'yar'uwarta ƙasa, sai su riƙa nutsewa tare. A misalin 747 ɗin nan, nutsewar ta kusa mita biyu a daƙiƙa, wato tsakanin ƙafa 300 zuwa 500 a minti. Yawanci sukan daina nutsewa idan sun kai ƙafa 500 zuwa 1,000 ƙarƙashin hanyar da jirgin ya bi. Iskar gari kuma tana ɗaukarsu duk inda ta nufa.

A kusa da ƙasa ne labarin yake canzawa, kuma nan ne aka fi kashe kuɗin bincike. Idan sun sauko ƙafa 100 zuwa 200 daga ƙasa ba su da sauran wurin nutsewa, sai su rabu, ɗaya ta yi dama ɗaya ta yi hagu, kowace da gudun kilomita 4 zuwa 6 a awa. In babu iska, titi ya tsira. Amma a ce akwai 'yar iska mai laushi daga gefe, mai gudu daidai da wancan. Guguwar da ke tafiya tare da iskar za ta ƙara sauri, har ta iya faɗawa titin da ke maƙwabtaka. Ɗayar kuma, wadda ke ƙoƙarin tafiya gaba da iskar, sai ta tsaya cak a kan titin, tana jiran mai zuwa. Idan iskar ta ɗan karkato daga baya, sai ta ƙara turo guguwar gaba zuwa daidai inda jirage ke taɓa ƙasa. Wannan ce iskar da matuƙa suka fi tsoro, duk da cewa ba ta da ƙarfin kaɗa tuta.

Wani abu kuma da awo ya nuna: guguwa na iya dukan ƙasa ta sake tasowa sama. Gogayyarta da ƙasa na haifar da wata ƙaramar guguwa mai juyi saɓanin nata, ita ce ke ɗaga ta.

Me ke kashe ta?

Hargitsin iskar gari ne ya fi kashe ta. Ranar da ake iska mai kaɗawa, ko rana ta gasa ƙasa zafi na tashi, guguwa ba ta daɗewa. Da asuba kuwa, iska a kwance, takan yi tsawon rai.

Akwai kuma mutuwar da take jawo wa kanta. A 1970 Steven Crow ya bayyana yadda guguwoyin biyu ke fara lanƙwasa kamar tafiyar maciji, lanƙwasar na ƙaruwa har su taɓa juna a wurare, su yayyanke su zama zobba, sannan su watse. Ana iya ganin haka da ido a farin layin da jirgi ke bari can sama: ya fara a miƙe, ya koma mai lanƙwasa, daga baya ya rarrabu gutsuntsun. Har yau da sunansa ake kiran wannan yanayi.

Me ke faruwa ga jirgin da ya shiga cikinta?

Ya danganta da yadda ya shiga. Idan ya ratsa ta a gicciye, zai ji duka ɗaya ko biyu masu ƙarfi, kamar mota ta faɗa rami, shi ke nan. Idan ya shiga tsakanin guguwoyin biyu, iska za ta danna shi ƙasa. Mafi muni shi ne ya bi tsawonta, hanyarsa ɗaya da ta jirgin gaba. A nan fiffike ɗaya na cikin iska mai hawa, ɗayan na cikin mai sauka, sai jirgin ya mirgina.

Abin da ke yanke hukunci shi ne faɗin fukafukan na baya. Babban jirgi fukafukansa sun zarce guguwar, ƙarshensu na cikin iska lafiyayya, don haka matuƙi na da abin da zai yi gyara da shi. Ƙaramin jirgi kuwa dukansa ke shigewa ciki, kuma ƙarfin mirginawar na iya fin duk abin da sitiyarinsa zai iya bayarwa.

Yaushe aka fara bincike da jirage na gaske, kuma yaya ake yin sa?

Zuwan manyan jirage ne ya tilasta shi. Jirgin dakon kaya na sojan Amurka C-5A ya fara tashi a 1968, Boeing 747 kuma ya fara ɗaukar fasinja a Janairun 1970. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, da hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar, NASA, sun ga cewa gwajin ɗakin bincike kaɗai ba zai wadatar ba. Dalili kuwa shi ne guguwa na rayuwa kilomita da yawa bayan jirgi, ramin gwajin iska kuma, inda ake hura iska a kan ƙaramin samfurin jirgi, 'yan mitoci ne. Dole a fita sarari.

Hanya ta farko ita ce shiga da gangan. A 1974 NASA ta sayi wani 747 daga kamfanin American Airlines, ta kai shi cibiyarta ta gwajin jirage da ke Edwards a jihar Kalifoniya, wadda daga baya aka sa wa sunan Dryden, yanzu kuma Armstrong. Aka ɗaura masa na'urorin hayaƙi shida a ƙarƙashin fukafukai domin guguwar ta fito fili. Sai ƙananan jirage biyu, Learjet da Cessna T-37, su biyo shi a baya su kutsa cikin hayaƙin. Ana yin haka ne can sama, inda ko jirgi ya kife akwai sararin miƙewa. Akan fara daga nesa, inda guguwar ta tsufa, a riƙa matsowa sannu a hankali. Na'urorin da ke cikin ƙaramin jirgin na rubuta saurin mirginawa, kusurwar karkata, ƙarfin jijjiga da yawan sitiyarin da matuƙi ya ba da kafin ya daidaita. Inda matuƙin gwaji ya ga cewa da a kusa da ƙasa ne ba zai tsira ba, nan ne iyaka. A kowane zagaye kuma akan canza wani abu a jikin babban jirgin: matsayin filaf, ƙarfin inji, tayoyi a sauke ko a naɗe. Wannan jirgin ne daga baya aka gyara ya zama mai goyon kumbon Amurka a bayansa. An yi irin gwajin da Boeing 727 da Lockheed L-1011.

Hanya ta biyu ita ce wucewa ta gefen hasumiya. Akan kafa doguwar hasumiyar ƙarfe, a jera mata na'urorin auna iska da bututun hayaƙi daga ƙasa har sama, jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa ta ɓangaren da iska ke fitowa, iskar ta kawo guguwar ta ratsa hasumiyar. FAA ta yi haka a cibiyarta ta Atlantic City, aka kuma yi a Idaho Falls a 1990. Amfaninta shi ne ana samun gudun iska a cikin cibiyar guguwar kanta. Aibinta kuma, sau ɗaya tak ake ganin guguwar, a shekarunta na wannan daƙiƙar.

Ta uku ita ce zama a filin jirgi ana ƙirga. A shekarun 1970 an jera na'urorin auna iska a gicciye ƙarƙashin hanyar sauka a filaye irin su Kennedy na New York da Heathrow na Landan, aka bi sawun guguwoyin dubban jirage. A shekarun 1990 kuma NASA ta sake komawa sama, inda jirgin OV-10 mai ɗauke da na'urori ya riƙa bin bayan C-130 a cibiyarta ta Wallops. Kanada ta yi amfani da jirginta na bincike CT-133 wajen bin manyan jirage a can ƙololuwar hanyarsu, cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus, DLR, ita ma ta yi da nata jirgin Falcon.

Binciken ya gano hanyar kashe guguwar tun daga jikin jirgi?

Ya gano hanyoyin rage ta, amma babu wadda ta zama abin aiki na yau da kullum. A gwajin 747, an ga cewa idan aka sauke filaf na ciki sosai aka bar na waje kusan a naɗe, fiffike kan saki guguwoyi fiye da ɗaya, su yi ta cin juna har su raunana da wuri. Murna ta koma ciki da aka sauke tayoyi, domin yawancin ribar ta tafi, kuma babu jirgin da zai sauka ba tayoyi. Ɗaga wasu daga cikin sifoila, wato allunan da ke tashi a saman fiffike, shi ma ya rage ƙarfin mirgina na baya, amma ya zo da jijjiga, ƙara da ƙarin shan mai.

Tushen matsalar shi ne guguwar ba lahani ba ce da za a gyara. Ita ce kuɗin da ake biya kafin a ɗaga nauyi sama. Jirgi mai tan 270 sai ya tura iska ƙasa daidai nauyinsa, kuma dole wannan turin ya bar sawu. Ana iya warwatsa ta ko a gaggauta mutuwarta, ba a iya hana haihuwarta.

Ɗan lanƙwashen da ake gani a ƙarshen fukafukan jiragen zamani, wanda Richard Whitcomb na NASA ya inganta aka gwada a jirgin KC-135 a 1979, yana rage shan mai. Amma ba ya sa a rage tazara, domin nesa da jirgi ƙarfin guguwar na bin nauyi, gudu da faɗin fiffike ne.

Dabarar da ta fi ba da sha'awa a 'yan shekarun nan a ƙasa take. DLR ta jera alluna a tsaye kafin bakin titin sauka, a layi ɗaya da hanyar jirgi. A gwajin filin jirgin Biyana ta Ostiriya a 2019, kowane allo na da tsayin mita 4.5 da tsawon mita 9. Guguwa na zuwa kansu sai su tayar da ƙananan guguwoyi da ke naɗe ta su cinye ta. Awo ya nuna tsawon ran guguwoyin da suka fi daɗewa ya ragu da wajen kashi 30 cikin ɗari.

To da me ake ganinta yanzu?

Da lidar. Na'ura ce da ke harba hasken leza a gicciyen hanyar jirgi. Hasken na dukan ƙurar da ke yawo cikin iska ya dawo, kuma daga ɗan canjin da ya samu ake gane gudun ƙurar, ko tana matsowa ko tana nisa. Inda aka ga iska mai zuwa da mai tafiya manne da juna, nan cibiyar guguwa take. Da haka ake sanin inda take, ƙarfinta, da daƙiƙa nawa ta yi kafin ta mutu. Hazo mai kauri da ruwan sama suna rage mata gani.

Da wannan ne tambayar bincike ta sauya. An rage neman yadda za a kashe guguwa, an koma neman sanin inda za ta je yau, da iskar yau. Tsarin NASA mai suna AVOSS, da aka gwada a Memphis sannan aka nuna aikinsa a filin Dallas-Fort Worth a 2000, yana haɗa bayanan yanayi da lissafi ya faɗi tazarar da ta dace, lidar kuma ta tabbatar ko hasashen ya yi daidai.

Nawa ce tazarar da doka ta tanada?

Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta kasa jirage bisa iyakar nauyin da za su iya tashi da shi. Mara nauyi shi ne kilo 7,000 ko ƙasa da haka. Matsakaici, daga nan zuwa ƙasa da kilo 136,000. Mai nauyi, 136,000 zuwa sama. Airbus A380 kuma an ware masa aji na musamman a samansu.

Wajen sauka ana auna tazara da mil na teku, wanda yake mita 1,852. Bayan mai nauyi, wani mai nauyi zai bar mil 4, matsakaici 5, mara nauyi 6. Mara nauyi bayan matsakaici zai bar 5. Bayan A380, matsakaici 7 ne, mara nauyi 8. Wajen tashi kuwa da agogo ake aiki: minti 2 bayan mai nauyi, minti 3 idan na bayan zai fara gudu ne daga tsakiyar titi. Titi biyu da ke jere, idan tsakaninsu bai kai mita 760 ba, ana ɗaukarsu tamkar titi ɗaya. Wannan rabon aji ne ma dalilin da ya sa matuƙin babban jirgi ke ƙara kalmar Turanci "heavy" bayan sunan kiransa a rediyo, domin kowa ya san abin da ke gabansa.

Rabon nan na da gyara a ciki. Boeing 767 da 747 duk aji ɗaya suke, alhali nauyin ɗaya ya ninka na ɗayan. Bayanan lidar ne suka ba da damar sake rabon zuwa aji shida, aka fara aiki da shi a Memphis a 2012, a filin Charles de Gaulle na Faris kuma a 2016. Heathrow ta bi wata hanyar a 2015: ta koma auna tazarar sauka da lokaci. Idan iskar gaba ta yi ƙarfi, jirage na tafiya a hankali bisa ƙasa, mil 4 sai ya ɗauki lokaci mai tsawo, alhali a irin wannan iskar guguwa ba ta daɗewa. Auna lokaci ya dawo da sauka da dama da ake asara.

Me ya sa ake yawan ambaton Boeing 757?

Saboda nauyinsa bai kai na masu nauyi ba, amma guguwarsa ta ba da mamaki. A gwajin hasumiyar Idaho Falls an auna masa cibiya matsattsiya mai saurin juyi ƙwarai. Sannan aka yi haɗurra biyu a jere. A Disambar 1992 wani Cessna Citation ya faɗi a Billings ta jihar Montana yana bin bayan 757, mutum 8 suka rasu. A Disambar 1993 wani Westwind ya faɗi kusa da Santa Ana a Kalifoniya a irin wannan hali, mutum 5 suka rasu. Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne 757 na iya sauka a hankali fiye da yadda ake zato, sai ƙaramin jet ya cim masa ba tare da ya lura ba, kuma ya tsinci kansa ƙarƙashin hanyarsa. Bayan haka FAA ta ba shi dokar tazara tasa ta kansa.

Waɗanne haɗurra ne suka fi koyar da darasi?

Ranar 30 ga Mayun 1972 wani DC-9 na kamfanin Delta yana atisayen sauka a Fort Worth bayan DC-10. Ya mirgina daf da titi, mutum 4 da ke ciki suka rasu. Ya nuna cewa ba ƙananan jirage kaɗai abin ya shafa ba, aka ƙara tsaurara tazara.

Ranar 4 ga Nuwamban 2008 wani Learjet 45 ya matsa kusa da Boeing 767 fiye da kima wajen sauka a birnin Meziko, saboda bai rage gudu a kan lokaci ba. Ya faɗi cikin gari, mutum 16 suka rasu, ciki har da ministan cikin gida Juan Camilo Mouriño.

Amma wanda ya fi sauya yadda ake horar da matuƙa shi ne na 12 ga Nuwamban 2001. Airbus A300 na American Airlines, tafiya mai lamba 587, ya tashi daga Kennedy bayan wani 747, ya haɗu da guguwarsa sau biyu. Guguwar ba ta kai ta kayar da shi ba. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano cewa mataimakin matuƙi ya yi ta taka fedar sitiyarin wutsiya dama da hagu har ƙarshe, sau da yawa a jere, har nauyin ya fi ƙarfin wutsiyar ta ɓalle. Mutum 260 a jirgi da 5 a ƙasa suka rasu.

A can sama fa, inda jirage ke da sarari?

Sararin bai kai yadda ake zato ba. Tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000 ana raba jirage da ƙafa 1,000 kacal a tsaye, kuma guguwar babban jirgi na iya nutsewa har can. Na'urorin tauraron ɗan'adam sun sa jirage na bin tsakiyar hanya daidai wa daida, ɗaya a saman ɗaya.

Ranar 7 ga Janairun 2017, a saman tekun Arebiya, wani ƙaramin jet Challenger 604 ya wuce ƙafa 1,000 ƙarƙashin A380 da ke tafiya ta kishiyar hanya. Kimanin minti ɗaya bayan haka ya mirgina sau da dama, ya zubo kusan ƙafa 9,000 kafin matuƙa su shawo kansa su sauka a Maskat. Wasu fasinjoji sun ji munanan raunuka, jirgin kuma bai sake tashi ba. Maganin da ake da shi shi ne gocewa: a hanyoyin da aka amince, matuƙi na iya kaucewa zuwa dama har mil 2 daga tsakiyar hanya, yana la'akari da inda iska ke kai guguwar.

Me matuƙin ƙaramin jirgi zai yi a aikace?

Ya riƙe abu ɗaya: guguwa na ƙasa da hanyar babban jirgi, kuma tana bin iska. Saura duk daga nan suka fito.

Idan zai sauka bayan babban jirgi, ya tsaya daidai hanyarsa ko sama da ita, ya lura da inda tayoyinsa suka taɓa ƙasa, ya sauka gaba da wurin. Idan zai sauka bayan wanda ya tashi, ya taɓa ƙasa tun kafin inda wancan ya ɗaga hanci. Idan zai tashi bayan wanda ya tashi, ya ɗaga kafin wurin da wancan ya ɗaga, ya hau sama da hanyarsa. A nan akwai tarko: ƙaramin jirgi mai farfela ba zai iya hawa kamar jet ba, ko ya riga shi ɗagawa zai ratsa hanyarsa a gaba. Don haka ya nemi izinin karkata zuwa inda iska ke fitowa, ko ya jira. Idan babban jirgi ya zo sauka ya fasa, ko ya taɓa ya sake tashi, titin gaba ɗaya ya gurɓata, a jira aƙalla minti 2.

Kuma ya sani, da zarar ya amsa wa hasumiya cewa yana ganin jirgin gaba zai bi shi da ido, nauyin kiyaye tazara ya dawo wuyansa. Babu laifi a ce wa hasumiya ana son ƙarin minti ɗaya.

In an riga an shiga fa?

Yawanci cikin 'yan daƙiƙu guguwar ke tofar da jirgi waje. Haɗarin shi ne gyaran da ya wuce kima: matuƙi ya murɗa sitiyari gaba ɗaya, kafin jirgi ya amsa ya fita daga guguwar ko ya faɗa ta biyun mai juyi akasin haka, sai gyaran ya zama shi ne matsalar. A daidaita fukafukai da sitiyarin hannu a natse. A babban jirgi kada a yi wasa da fedar wutsiya, balle a riƙa juya ta dama da hagu. Idan ana daf da sauka kuma jirgi bai daidaita ba, a ƙara wuta a fasa saukar. Daga baya a rubuta rahoto, domin da irin waɗannan rahotanni ake duba ko tazarar da aka rage tana nan lafiya.

Jirgi mai saukar ungulu shi ma yana yi?

Yana yi, kuma fiye da yadda girmansa ke nunawa. Idan yana tsaye a iska, ƙaramin jirgi ya nisance shi da aƙalla ninki uku na faɗin farfelarsa. Idan yana tafiya gaba, yana barin guguwa biyu kamar mai fiffike.

Fasinja ya damu?

Ba sosai ba. Abin da zai ji shi ne karkata ko duka na 'yan daƙiƙu, sau da yawa ba gargaɗi, domin matuƙi ma bai gan ta ba. Waɗanda ke jin rauni su ne marasa bel. A bar shi a ɗaure ko fitilar ta mutu.

Gaskiya ne tana yaye rufin gidaje?

Gaskiya ne. Guguwar da ta sauko kan rufi tana tsotse fale-falensa sama. Filayen Heathrow da Frankfurt duk suna da shirin gyara ko ƙarfafa rufin gidajen da ke ƙarƙashin hanyar sauka, inda ake ɗaure kowane fale da maƙalin ƙarfe.

Akwai wani amfani da za a iya ci daga gare ta?

Akwai, kuma tsuntsaye masu ƙaura sun riga kowa sani. A gefen waje na kowace guguwa iska sama take yi, wanda ya zauna a wurin yana samun ɗagawa kyauta. NASA ta gwada haka da jiragen F/A-18 guda biyu a 2001, ta ga na baya ya rage shan mai. A Nuwamban 2021 kamfanin Airbus ya tashi da A350 biyu daga Tulus zuwa Montreal, kilomita 3 tsakaninsu, ya ce na bayan zai iya tsimin mai sama da kashi 5 cikin ɗari a doguwar tafiya.

Wahalar ita ce wurin riba da wurin haɗari maƙwabta ne, 'yan mitoci ke raba su, kuma guguwar ba ta zama wuri ɗaya. Hannun mutum ba zai iya riƙe wannan matsayi na awa shida ba, sai kwamfutar tuƙi da ke karɓar bayanan jirgin gaba tana lissafa inda guguwarsa take a kowace daƙiƙa. Kafin a fara haka da fasinja, sai an sake rubuta dokokin tazara, an kuma daidaita yadda jiragen kamfanoni daban-daban za su haɗu a sama a kan lokaci, da yadda za su raba ribar man, tunda na gaba ba ya samun komai.